Tallafin Mai Lalura Kada Ya Zama Ladan Zama



Tambayar da aka ɗora mini ita ce: mutumin da ya samu nakasa, ake ba shi diyya ko tallafi, in ya koma neman na kansa, an yanke masa ke nan? Tsoron amsar nan ya zaunar da mutane da yawa masu sauran ƙarfi a jika.

Bari mu fara da doka. A 2010 aka kafa Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba a taɓa ko kwabo na ma'aikaci. Wanda hatsarin aiki ya nakasa gaba ɗaya, dokar ta ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda kuwa ya rasa wata gaɓa, ana ba shi kashi 90 na asarar samun da aka ƙiyasta masa, bisa jadawalin da ya ware wa yatsa kasonsa, hannu nasa, ido nasa. To ku lura, abin da ake aunawa shi ne asarar, kuma komawa aiki ba ta mayar da hannun da inji ya cinye. Kuɗin raunin wucin gadi ne ke tsayawa in an warke. Dokar ma ta ba hukumar damar koya wa mai rauni sabuwar sana'a. Sai dai akwai wa'adi: ka sanar da mai aikinka cikin kwana 14, ka shigar da buƙata cikin shekara guda.

Haka Dokar Fansho ta 2014: wanda ya yi ritaya saboda rashin lafiya, in likitoci suka tabbatar ya murmure kuma ya sami aiki, yana iya komawa cikin tsarin. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. A Amurka ma da suka ga tsoro na hana mutane motsi, sai suka ba mai karɓar kuɗin nakasa wata tara na gwajin aiki, yana cin albashi, tallafinsa na nan cif.

Amma 'yan'uwa, mu nawa wannan doka ta sani? Ma'aikacin tashar jiragen ruwa ta Onne ko na masana'antun Trans-Amadi yana iya samun suna a rajista. Ɗan dako a kasuwar Mile 1 fa? Mahauci, mai gadi, mai faskare, mai tura baro a bakin gadar Anacha, mai jan shanu a Garikin Inugu? Yawancinsu in tsautsayi ya faɗa musu, asusunsu shi ne karo-karon 'yan ƙungiya, da zakkar attajiri, da abin da aka tara bayan sallar Juma'a. A nan gyaran yake hannunmu, domin mu ne masu yankewar. Da an hango gurgu ya kafa teburin goro, sai a ce ai wane ya samu, a soke sunansa. Me muka koya wa na bayansa? Mun koya masa cewa zama ya fi riba.

Wanda ya fara takawa bayan karaya ba a fizge masa sanda ran farko. Kuma ba baƙon abu na kawo ba. Malaman fiƙihu irin su Imamu Nawawi sun yi bayanin cewa mai sana'a ana ba shi zakkar da za ta saya masa kayan aikinsa. A Kano, waɗanda shan inna ta nakasa sun daɗe da haɗa kai suna ƙera kekunan guragu da hannunsu.

Don haka ina roƙon abu uku. Na farko, kowace ƙungiyar kasuwa ta rubuta a tsarinta cewa wanda ya fara sana'a ba za a yanke masa ba sai bayan wa'adin da aka amince, sannan a riƙa ragewa sannu a hankali, in sana'ar ta karye ya dawo ba tare da sabon roƙo ba. Na biyu, fadar Sarkin Hausawa ta ware masu ilimi cikin matasanmu da za su raka mai rauni ofishin NSITF kafin wa'adi ya wuce. Na uku, duk mai aiki a kamfani ya tambaya tun yana da lafiya: ana zuba mana kashi 1 cikin 100 ɗin nan kuwa?

Sarakunan makafi da na guragu su zauna a teburin da za a tsara wannan, don su suka san mutanensu. Allah ya kare mu daga tsautsayi, ya sa albarka a nemanmu.