Ciwon suga da mikin ƙafa

 Yau zancenmu a kan ƙafa ne, ƙafar mai ciwon suga.

Da ana cewa suga ciwon masu kuɗi ne na Yamai. Yanzu ya shiga ƙauye. Alamunsa su ne ƙishirwa, yawan fitsari, rama da gajiya. Amma sai an auna jini ake tabbatarwa. Idan aka auna da safe kafin karin kumallo, aka samu giram 1,26 ko fiye a lita, aka sake aunawa wata rana aka samu haka, to suga ne.

Me ya haɗa suga da ƙafa? In suga ya daɗe da yawa cikin jini, yana kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi. Yana kuma toshe hanyoyin jini. Sai ƙaya ta soki manomi a gona, bai ji ba. Sai mace ta taka garwashi a madafa, ba ta sani ba. Ƙaramin rauni ya zama miki, miki ya ruɓe, ya kai ga ƙashi. Daga nan sai a ɗauko mutum zuwa babbar likita ta Yamai ko ta Lamorde. Wani a yanke mishi yatsa, wani ƙafa duka. To, wa zai noma gonar?

Ku duba ƙafarku kullum. Lokacin alwala ya isa: a dubi tafin ƙafa da dunduniya, a share tsakanin yatsu har ya bushe. Wanda ganinsa ya ragu, ya sa ɗansa ya duba mishi. Kada a yi tafiya babu takalmi, ko cikin gida, balle kan rairayi da tsakar rana. A kakkaɓe takalmi kafin a sa. Lokacin ɗari, a shafa man kaɗe saboda faso, ban da tsakanin yatsu. Kada a miƙa ƙafa bakin wuta.

Ga inda muke yawan ɓarna. Mutum ya ga ƙanta a ƙafa, sai ya kira wanzami ya kankare da aska. Wani ya ba mai yankan ƙumba na kasuwa ƙafarsa. Idan miki ya fito, a zuba toka, ko baƙin garin batir, ko a gasa da ruwan zafi. Mun gaji waɗansu daga kakanni, amma mai suga ƙafarsa ba ta ɗaukar su. A wanke da sabulu da ruwan da aka tafasa ya huce, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi likita a ranar. Kada a jira ranar kasuwa.

A likitar CSI, majo zai auna suga, ya wanke mikin, ya yi fansama. Zai tambaya ko an yi allurar rigakafin tetanos. Idan akwai mugunya, zai rubuta magani, a sha shi har ya ƙare. Zai kuma ce a daina taka wurin mikin. Wannan shi ne mai wuya, musamman da damina, amma mikin da ake takawa ba ya warkewa. A riƙe sanda, a bar wa yara noma. Mai shan taba ya bari, domin tana ƙara toshe hanyar jini.

Idan ƙafa ta kumbura, ko tana wari, ko yatsa ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya kama mutum, majo zai tura shi likitar gunduma. Kada dangi su ɓoye shi don tsoron yanka. Wanda ya je da wuri, sau da yawa ana ceton ƙafarsa.

Maganin suga, ƙwaya ko allurar insulin, ba a barinsa don miki ya warke. Kuma wurin da ya taɓa yin miki yana iya sakewa. Kowane zuwa likita, ku riƙe karne ɗinku, ku cire takalmi, ku ce a duba muku ƙafa biyun.