Amsoshin Takardunku: Ali Farka Toure, Makaɗin Jita Kuma Manomi

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani saurayi manomi a ƙasar Dambatta. Ya ce ya ji kiɗan jita na Ali Farka Toure, aka ce masa wai kiɗan Amurka ne. Yana kuma tambaya: sai mutum ya bar gona sannan zai yi suna a kiɗa?

To Malam, Ali Farka mutumin Mali ne. An haife shi a 1939 a yankin Tumbuktu, ya tashi a Niafunke, a bakin kogin Neja. Farka kuwa laƙabi ne, ma'anarsa jaki, saboda juriya, don shi kaɗai ya rayu cikin 'ya'ya maza goma na mahaifiyarsa. Gidansu ba gidan makaɗa ba ne. Da wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara, kamar dai kuntigin Ɗan Maraya Jos, sai kuma njarka, 'yar'uwar kukumarmu. A 1956 ya ga Keita Fodeba na ƙasar Gini yana kaɗa jita, sai ya ɗauko kiɗan gida ya ɗora a kanta. Sai a 1968 ya sayi tasa ta kansa, a Bulgariya, daga baya ya yi aiki a gidan rediyon Mali.

Batun Amurka kuwa, kunnenka bai yi ƙarya ba. Akwai kiɗan baƙaƙen fata na can da ake kira buluz, kuma Turawa sun yi ta kwatanta Ali da gwaninsa, John Lee Hooker. Amma shi Ali ya tsaya a kan cewa tushen kiɗan daga Afirka bayi suka tafi da shi. Waƙoƙinsa ma da Songhai, ɗan'uwan Zabarmanci, da Fulatanci da Buzanci da Bambara ya yi su.

Faifansa Talking Timbuktu, wanda suka yi da Ba'amurke Ry Cooder a 1994, ya ci lambar Grammy. Ka san abin da ya yi bayan haka? Gida ya koma ya riƙe noman shinkafa da ban ruwa. Faifansa na 1999 mai suna Niafunke, sai da aka kwaso masa na'urori har garin aka ɗauka. A 2004 aka zaɓe shi magajin gari, ya sa kuɗinsa wajen gyaran hanyoyi da magudanan ruwa da samar da lantarki. Ya rasu a watan Maris na 2006, ɗansa Vieux ya gaji jitar.

Saboda haka Malam, riƙe gerenka da gyaɗarka. Rani yana da tsawo a ƙasarku, ya ishi mai son koyo, kuma masu gurmi da garaya na kusa da kai su ne malamanka na farko. Da fatan ka gamsu. Sai mun ji daga gare ku.