Aikatau a Turanci: Inda 'Ya'yanmu Ke Tuntuɓe



An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan aikatau a harshen Turanci. Wataƙila wani ya ce, ina ruwan ɗan kasuwa ko direba da nahawu? To, ruwansa shi ne ɗansa. Hukumar NECO da aka kafa a 1999, hedkwatarta na nan Minna, kan hanyar Bida. Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, ga ta nan a Bosso da Gidan Kwano. Amma yaron da bai sami kiredit a Turanci ba, sai dai ya riƙa hango ƙofar jami'ar daga titi. Kuma in kun duba littattafan yaranmu, za ku ga jan biron malami ya fi yawa a kan aikatau.

Dalili kuwa ba daƙiƙanci ba ne. A Hausa, ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ita ke ɗaukar lokaci: ya zauna, zai zauna, yakan zauna. Kun ga "zauna" bai motsa ba. Bature kuwa jikin aikatau ɗin yake taɓawa. Wasu masu bin ƙa'ida ne, ana liƙa masu "ed" a ƙarshe, "walk" ya koma "walked". Wasu kuma 'yan gaban kansu ne, wajen ɗari biyu: "go" ya koma "went", "buy" ya koma "bought", "cut" kuwa ya ƙi canzawa sam. Abin haushi, waɗannan su aka fi amfani da su kullum, kuma ba wata dabara sai hadda.

Mu mazauna Minna akwai wani ƙari a kanmu. Yaranmu suna tashi cikin Gwarawa da Nufawa da Yarbawa da Ibo, inda ba a haɗu a Hausa ba sai a haɗu a Buroka. A Buroka kuwa, "I go buy" zan saya ke nan. Ke nan yaro ɗaya yana riƙe da tsari uku a kansa, ran jarrabawa kuma ɗaya kacal ake nema.

Sai mataimakan aikatau, irin su "do", "have", "will", "can" da "must". A nan Turanci ya yi kama da Hausa, domin "will" kusan aikin "zai" yake yi. Abin lura shi ne, in "did" ya riga ya ɗauki lokaci, aikatau sai ya koma yadda yake tun asali. "Did you go" ake cewa, ba "did you went" ba. Ba a biyan kuɗin mota sau biyu a tafiya ɗaya.

Akwai kuma abin da malaman nahawun Hausa ke kira so-karɓau da ƙi-karɓau, wato aikatau mai neman abin da aiki zai faɗa wa, da wanda ba ya nema. Wannan ba baƙo ba ne gare mu. Muna cewa ya sayi doya, ya saye ta, ga abin da ya saya, ba tare da wani ya koya mana ba. Matsalar ita ce rabon bai zo daidai ba a harsunan biyu. Mu muna cewa "jira ni", "saurari malam", kai tsaye. Bature sai ya sa 'yar gada: "wait for me", "listen to the teacher". Inda kuma ba ya son gadar, nan yaranmu ke kafa ta, su rubuta "discuss about". Haka nan "ara" tamu ɗaya ce, su biyu gare su: mai karɓa "borrow", mai bayarwa "lend". Don haka "borrow me your biro" Hausa ce tsantsa sanye da kwat.

Yanzu bari mu ɗan taɓa malamanmu na lesin, a yi mana afuwa. Har yau ana sa yara su rera cewa aikatau kalma ce ta aikatawa. Wannan rabin magana ne. Wane aiki mutum ya yi in ya san abu, ko ya mallaki abu? "Know", "have", "understand" da "want" yanayi suke nunawa, kuma a wannan ma'ana ba su cika karɓar "ing" ba. Yaronmu kuwa "ina da keke" yake ji a zuciyarsa, ya ga "ina" ai "I am" ne, sai ya rubuta "I am having a bicycle". "Ina jin Turanci" ya koma "I am hearing English". Ita wannan "ji" ma babbar jaka ce: da ita muke jin magana, da sanyi, da ƙanshi, da ɗanɗano, har da fahimta. Turanci ya raba su biyar: "hear", "feel", "smell", "taste", "understand". Yaron da ba a nuna wa wannan ba, ko an yi masa gyara sau goma sai ya koma, domin bai san daga ina kuskuren ke ɓulɓulowa ba.

Haka batun "ne" da "ce". Mu da su muke gamawa: shi malami ne, ita malama ce. A Turanci aikatau ne ke wannan aiki, wato "be", kuma siffa takwas gare shi, ciki har da "am", "is", "are", "was" da "were". In babu shi, jimla ba ta tsayu ba.

Roƙonmu ga malamai shi ne a daina jin kunyar kawo Hausa cikin darasin Turanci. A rubuta jimlar Hausa a allo, a rubuta ta Turanci ƙarƙashinta, a nuna wa yara inda suka rabu. Iyaye kuma, ko ba ku yi boko ba, kuna iya ce wa yaro ya faɗi "na sayi shinkafa jiya", da "zan saya gobe", da "ban saya ba" da Turanci. In kun ji kalma ɗaya tana ta maimaituwa ba wani canji a gabanta ko a jikinta, ku tura shi wurin malaminsa da jimlolin nan uku.