Jawabin da aka yi a taron ƙungiya a kan karatun yaranmu da ilimin bincike

Ya ku iyayenmu dattijan Kurfai, da ƴan uwa ƴan ci-rani da kuka zo daga Yamai, Kwatano, Abijan da Legas, ina gaishe ku, ina kuma neman gafarar manya in na wuce gona da iri.

Maganar da aka ɗora mini ita ce wadda muke ji a rediyo, wai yanzu arzikin ƙasa yana cikin kawunan mutanenta fiye da abin da ke ƙarƙashin ƙasarta. Mu a Nijar mun ga shaida. An fara haƙar ƙarfen uraniyom a Arlit a 1971, kuɗi suka shigo, aka yi gine-gine. Da farashinsa ya faɗi bayan 1980, sai bashi ya hau kanmu, makarantu suka sha wuya. Koriya ta Kudu kuwa, wadda ba ta da wani ma'adini na a zo a gani, ta buɗe babbar cibiyar bincikenta a 1966, yau ga wayoyinta cikin aljihunmu.

Amma ba sai mun je Koriya ba. Ga gidan kiwo na Tukunus nan arewa da Filinge, inda ake zaɓen shanun Azawak tun 1954. Me ake yi a can? Ana auna nonon kowace saniya, a rubuta. Ana rubuta uwarta da ubanta, da ranar haihuwarta. Bayan shekaru sai a san wane bijimi ne ƴaƴansa mata suke da nono, a riƙe shi, a sayar da sauran. To, jama'a, ilimin bincike ke nan. Makiyayanmu ma sun san dangin shanunsu da ka, ba wanda ya fi su ido. Bambancin kawai shi ne abin da ke cikin littafi ba ya mutuwa ranar da mai shi ya mutu, kuma ana iya kai shi wani gari.

Abin da ke damuna shi ne, yaro yana iya gama lakwal a ƙauyukanmu bai taɓa taka Tukunus ba. Ya haddace sunayen kogunan Faransa, amma ba a nuna masa dalilin da ya sa rijiyar Dallol Boso ba ta da zurfi kamar ta kan tudu ba. Marigayi Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, masanin hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi tun 1964 yana kira a koyar da yaran Afirka da harsunansu. An gwada haka a Damagaram daga 1973, yaro ya fara da Hausa kafin ya shiga Faransanci. Har yau abin bai game ƙasa ba.

Gwamnatoci sun yi alkawari. A Legas a 1980 shugabannin Afirka suka yarda su kai kuɗin bincike kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasashensu. Ƙalilan ne suka kusanci haka. An dai kafa INRAN mai binciken noma a 1975, an buɗe jami'a a Tilaberi a 2014. To wa zai shiga? Yarinyar da aka cire daga aji shida aka yi mata aure ba za ta shiga ba. Haka yaron da ya ci jarrabawa ya rasa mai riƙonsa a Filinge, ya bi mu ci-rani. Ga kuma rashin kwanciyar hankali da ya rufe ɗaruruwan makarantu a jiharmu cikin shekarun nan. Allah ya kawo mana sauƙi.

Wannan na ƙarshe ya fi ƙarfinmu. Maganar mai riƙo ba ta fi ƙarfinmu ba. Muna tara kuɗi don biki da zaman makoki, ban ce a bari ba. Ina roƙo kowane ɗan ƙungiya ya ƙara jika ɗaya a wata, a kama gida a Filinge inda yaranmu ƴan koleji za su sauka, da wata dattijuwa da iyaye suka amince da ita mai kula da ƴan mata. Abin da ya rage a ɗauki mota sau ɗaya a shekara, a nemi izini, a kai ƴan aji shida Tukunus tare da malaminsu da makiyayi biyu daga cikin dattijai.

Magatakarda zai zagaya da takarda bayan sallar la'asar, wanda ya yarda ya sa hannu.