Wa zai riƙe makullin laburare, gwamna ko majalisa?

Yau za mu leƙa Amurka.

A can, ranar zaɓe ba sunayen 'yan takara kaɗai ke kan takardar ƙuri'a ba. Har da tambayoyi, mutum ya zaɓi "e" ko "a'a". In ban da jihar Delawaya, ba jihar da ke gyara tsarin mulkinta sai an tambayi jama'a. Ta haka maganar wa zai riƙe laburaren jiha, gwamna ko majalisar dokoki, kan iya zuwa har gaban manomi da mai shago.

Za ku ce, ɗakin littattafai kuma har da ƙuri'a? To ku saurara. Laburaren jiha ba wurin tatsuniya ba ne. Can ake ajiye dokoki, da taswirori, da rahotannin gwamnati. Mai riƙe da shi, shi ke naɗa shugaban wurin, shi ke kuma sallamarsa. A jihar Mishigan ma yawo aka yi ta yi da shi: a 1983 ya koma hannun majalisa, a 2001 ya dawo ɓangaren gwamna, a 2009 aka miƙa shi ga ma'aikatar ilimi.

Babban misali shi ne laburaren majalisar ƙasar da ke Washinton, wanda aka kafa a 1800, yau yana ɗauke da littattafai da takardu da sauransu sama da miliyan 170. Da suna na majalisa ne, amma shugaban ƙasa ke naɗa mai kula da shi. A watan Mayu na 2025 Shugaba Trump ya sallami Carla Hayden, mace ta farko kuma baƙar fata ta farko a kan kujerar, da ɗan gajeren saƙon imel, wa'adinta na shekara 10 bai ma cika ba. Nan fa gardama ta tashi: gidan na wa ne?

Ni dai a ganina gara majalisa. Ba don 'yan majalisa waliyyai ne ba, a'a, su ma 'yan siyasa ne. Amma suna da yawa, akwai 'yan adawa a ciki, kafin a ɓoye takarda sai wani ya yi ihu. Mutum guda kuwa, sa hannu ɗaya ya ishe shi.

Kai makiyayi ka fi kowa gane wannan. Ranar da aka noma burtali, kana rantsuwa kakanka ma nan ya bi da shanu, alƙali zai ce ina takarda, ina taswira? Lokacin ne za ka fara tambayar ofishin da aka ajiye ta, da wanda makullin ke aljihunsa.