Kwanon Abokin Aikinka Amana Ne

Mai girma shugaban taro, shugabannin ƙungiyarmu ta NUT, iyayena waɗanda suka riga mu riƙe alli, 'yan'uwana malamai maza da mata na Birnin Kudu da Gwaram, ina yi muku barka da zuwa.

Da aka ce in yi jawabi, na san da yawanku kun zaci zan tsaya a kan ƙarin girma ko kuɗin hutu. Waɗannan akwai waɗanda suka fi ni iya faɗarsu. Ni maganar kwanon abinci na zo da ita, kuma ina roƙo ku jinkirta dariya har ku ji dalili.

A wata makaranta da na taɓa koyarwa, mun yi karo-karo mun sayi tsohon firji muka ajiye a ɗakin malamai. Duk wanda ya san zafin watan Afrilu a ƙasar nan ya san darajar ruwan sanyi, ko da kuwa wutar sai ta ga dama take zuwa. Mai zoɓo ya sa nasa, mai kunun aya ya sa nasa. Daga cikinmu akwai wata malama mai shayarwa, wadda ke tahowa daga ƙauye a bayan babur. Tun kafin asuba take dama fura ta ƙullo, ita ce abincinta har a tashi. A mako guda, sau uku tana buɗe firji ta tarar da robar babu komai. Kunya ta hana ta magana, sai a na ukun aka ga tana share hawaye.

A makon nan ni ne malamin da ke kula da tsabta da da'a. Ban yi wani bincike ba. Na tambayi wanda ke share ɗakin malamai, aka nuna mini wata yarinya 'yar aji huɗu. Ta yi rantsuwa, ban saurare ta ba, na yi mata bulala a gaban 'yan'uwanta. Washegari ba ta zo ba. Mahaifinta ya aiko cewa bai kai 'yarsa boko don a laƙaba mata sunan ɓarauniya ba.

Bayan kwana biyu wani abokin aikina ya ja ni gindin darbejiya, kansa a sunkuye, ya ce shi ne. Wata ya yi nisa, albashi ya ƙare, ɗan abin da ke gida ya bar wa yara, ya fito da cikinsa wayam. Da farko kurɓa biyu ya yi niyya. Sai da ni da shugaban makaranta muka je har zaure sau biyu muna ba da haƙuri kafin yarinyar ta dawo aji. Har yau in na tuna fuskarta ina jin nauyi a ƙirjina.

Ku dubi abin da robar fura ɗaya ta jawo: mai shayarwa ta wuni da yunwa, yarinya ta sha duka a kan laifin wani, uba ya yanke ƙauna da makaranta, malami ya zubar da girmansa. Duk lokacin da abu ya ɓace a ɗakin malamai, zargi ba ya hawa sama, ƙasa yake gangarowa, ya sauka a kan ɗalibi ko maigadi ko mai shara, wato waɗanda ba su da bakin kare kansu.

Wani zai ce ai mu ba Turawa ba ne da za mu riƙa rubuta suna a jikin kwano. A wurinmu abinci na kowa ne. Gaskiya ne an tashe mu a kan cewa kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Amma ku lura da yadda al'adar take. Mai abinci shi ne yake cewa "bismillah", sannan baƙo ya wanke hannu. Magabata suka ce, zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi. Daɗin yana cikin kiran ne. Wanda ya buɗe kwano kafin a kira shi ya ƙwace wa mai kwanon damar yin kyauta, ya mayar da karamci ya zama fargaba. A makarantar da nake ba ku labari, daga baya kowa ya koma ɓoye abincinsa a jaka yana ci a bayan aji, firjin da muka haɗa kuɗi muka saya ya zama wurin ajiye rajista.

Wani kuma zai ce wasa ne. Wasa sai da yardar ɓangare biyu. Idan babban malami ya ɗauki alalen ƙaramin malami, ko na ɗan J-Teach da bai daɗe da zuwa ba, yana dariya, shirun da yaron ya yi ba yarda ba ce, tsoron wanda ke gaba da shi ne. Haka abin yake a kan biro da cajar waya da makullin babur, har da aiken ɗalibin wani aji ba tare da sanin malaminsa ba.

Ban manta da halin da ake ciki ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san yadda kuɗin babur da kwanon masara suka koma, daga kasuwar Birnin Kudu har ta Sara. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma mai iyali ya san ranar da yake ƙarewa. Yunwar abokin aikinmu gaskiya ce. Laifinmu shi ne mun yi zaman da faɗar yunwa ya fi ɗaukar abin wani zama abin kunya.

Saboda haka ina da shawarwari huɗu. Na farko, kowa ya sa wa kwanonsa alama. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na biyu, a ware faranti ko ɓangare guda a firji ko kusa da randa, wanda duk abin da aka ajiye a nan na kowa ne, mai buƙata ya ɗauka ba sai an dube shi ba. Na uku, kowace makaranta ta kafa ɗan asusu a ranar albashi, a riƙa sayen garin kwaki da ƙuli-ƙuli da suga domin makon ƙarshen wata. Na huɗu, wanda ya fi muhimmanci, kada a sake hukunta ɗalibi a kan abin da ya ɓace a ɗakin malamai sai da hujja bayyananna. Idan kuma malami ne, shugaban makaranta ya kira shi a keɓe, a gyara ba tare da tozarci ba.

A Kwalejin Ilimi ta Gumel an koya mana cewa yaro ya fi kwaikwayon abin da ya gani a kan abin da aka faɗa masa. Da safe muna rubuta darasin riƙon amana a allo, da rana kuma yaran da ke shara suna kallon hannuwanmu. An kafa wannan ƙungiya tun 1931 domin kare mutuncin malami, kuma ba za mu nemi hukuma ta mutunta mu ba alhali abincin ranar 'yar'uwarmu bai tsira daga gare mu ba.

In kana jin yunwa, ka faɗa, ba za a rasa mai cewa bismillah ba. Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a ɗan abin da muke samu.