Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Mu Ceci Littattafanmu Na Bugun Farko

(Jawabin da ɗaliban ƙasar Birnin Gwari suka gabatar a taron ƙungiya)



Mun tsaya gabanku yau a kan wata dukiya da ke salwanta a gidajen iyayenmu ba mu farga ba, watau tsofaffin littattafan hikaya na yara masu zane-zane, musamman na bugun farko.

Bari mu fara duba yadda wasu suka ɗauki abin. A Ingila an buga littafin yara mai suna Alice's Adventures in Wonderland a 1865, amma mai zanen, John Tenniel, bai gamsu da yadda hotunan suka fito ba, sai aka janye bugun. Yau ashirin da 'yan kai kurum suka rage, kuma a 1998 an sayar da guda a kan fiye da dala miliyan ɗaya da rabi. To, mu fa, ina namu?

Namu tarihin ya faro a 1933, sa'ad da Dokta Rupert East ya shirya gasar ƙaga labari a Zariya. A cikin littattafai biyar da aka zaɓa aka buga akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara. Daga 1937 zuwa 1939 kuma aka fitar da Magana Jari Ce, littafi uku, inda aku yake ba ɗan sarki labarai. Mu mutanen Birnin Gwari muna da haƙƙi a nan, domin an haifi Imam a 1911 a Kagara, maƙwabciyarmu ta kan hanyar Tegina. Littattafan nan su kakanninmu suka karanta a elemantare, tsofaffin malamai da ma'aikatan En'e kuma suka adana su cikin adaka.

Wani zai ce, ai har gobe ana sayar da su a kasuwa, mene ne na damuwa? Amsa ita ce, bugun farko shaida ne. Shi ke nuna yadda aka rubuta Hausar boko a lokacin, da irin hotunan da yaro ya fara gani, da abin da aka sake daga baya. Sau da yawa ma a bangon za ka tarar da sunan ɗalibi da hatimin makarantar da babu ita yanzu.

Da can gara da ɗigar ruwa ne abokan gābar takarda. Amma cikin shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku, ƙauyuka da dama sun watse, an rufe makarantu. Wanda ya fita gudun ceton rai da goyo a baya, ba ya waiwayar adakar littattafai. Duk kwafin da ya ƙone a can, ba shi da mayewa.

Saboda haka muna kira da abubuwa uku. Na farko, kowa in ya je hutu ya durƙusa gaban dattawan gidansu ya roƙi a buɗe masa adaka. Kada wanda ya shiga daji saboda littafi. A fara da waɗanda suka yi hijira zuwa cikin gari. Na biyu, a duba shekara da sunan mawallafa. Hukumar Talifi ta Zariya ta riga Kamfanin Gaskiya na 1945, shi kuma ya riga NNPC na 1966, don haka duk Magana Jari Ce mai tambarin NNPC ba bugun farko ba ne. Na uku, kada a manne yagewa da salatif. A naɗe littafin cikin farar takarda, a nisanta shi da danshi, a ɗauki hoton kowane shafi. In mai shi ya yarda, a kai shi Gidan Arewa na Kaduna ko Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, da sunansa a rubuce.

Ba ciniki muke nufi ba, 'yan'uwa, amana ce. Imam ya rasu a 1981, waɗanda suka fara karanta shi kuma sun kusa ƙarewa. In muka yi sakaci, jikokinmu sai sun je Landan kafin su ga abin da aka rubuta a Zariya.

Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalam.